Matoya ko tanderu: wanne ya fi dacewa da maginan tukwanenmu?

Nasiru, Kazaure

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo da wata matsala ta gidanmu ina neman shawarar masu ilimin abin. Mahaifiyata da ƙannenta biyu maginan tukwane ne, sana'ar da suka gada daga kakarmu, kuma da ita aka yi mana ɗawainiyar karatu. Suna gina tulu da randa da tukunyar girki da kaskon turare da asusu, sannan su toya su a matoya a bayan gari kamar yadda aka saba: a shimfiɗa itace, a jera kayan a kai, a lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu da ciyawa, a cinna wuta.

A toyin makon jiya iska ta taso bayan an cinna wutar, gefe ɗaya ya ci da ƙarfi, ɗaya gefen bai kama sosai ba. Cikin kaya 120 da aka jera, 34 sun fashe ko sun tsage, waɗansu kuma sun fito ɗanyu. Aikin kusan mako uku ke nan. Suna da kuɗin adashe da suka tara, wani kuma ya ba ni shawarar mu gina musu tanderu na bulo, irin wanda ake rufe kaya a ciki a hura wuta ta ƙasa. Kafin mu zuba kuɗin da aka sha wahalar tarawa, ina so in sani: shin tanderun zai rage wannan asara da gaske, wane iri ya dace, kuma kayan za su fi na matoya inganci?

Malam Yusha'u, Zariya

Wa alaikumus salam, Nasiru. Allah ya mayar wa Inna da alheri. Ni malamin koyar da aikin yumɓu da tangaran ne, saboda haka bari in fara da abin da ke faruwa ga tukunya idan ta shiga wuta, domin sai an fahimci wannan ake gane amfanin tanderu.

Tukunyar da ka ga ta bushe a rana har yanzu tana da sauran ruwa a jikinta. Da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, ruwan nan ya zama tururi, idan kuma bai sami lokacin fita a hankali ba sai ya fasa jikin tukunyar, abin da ake ji yana ƙara a cikin matoya ke nan tun wuta ba ta yi nisa ba. Daga wajen digiri 450 zuwa 600 wani ruwan da ke ɗaure a cikin halittar yumɓun kansa yake fita, daga nan ne ƙasa take zama tukunya, wadda ko an jiƙa ta ba za ta koma laka ba. A daidai digiri 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓun sukan ɗan kumbura farat ɗaya, su sake komawa a wannan matakin lokacin hucewa. Idan ɓangare ɗaya na randa ya wuce wannan matakin alhali ɗaya ɓangaren bai iso ba, tsagewa ta zama dole.

Wutar matoya takan kai tsakanin digiri 600 zuwa 900, amma tana hawa cikin ɗan lokaci, kuma iska ce ke juya ta. Tanderu ba komai ba ne illa ɗaki mai riƙe zafi, wanda yake ba mai toyi ikon cewa yanzu wuta ta tafi a hankali, yanzu ta ƙaru, yanzu a toshe a bar kaya su huce. Wannan ikon shi ne abin da za ku saya da kuɗinku. A ganina asarar da ka lissafa za ta ragu ƙwarai, kuma itacen da ake ƙonawa zai fi yin aiki, tunda a fili yawancin zafin sama yake tafiya.

Hajiya Mariya, Damagaram

Malam Yusha'u, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja a kan wannan magana. Shekara sama da ashirin ina sarin kayan Mirya, garin da duk wanda ya san Damagaram ya san shi da ginin tukwane, ina kai su kasuwanni. Mai sayen tulu ba ƙarfi yake nema ba, sanyin ruwa yake nema. Tulu yana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafo, iska ta bugi danshin jikinsa ta tafi da zafin. An taɓa kawo mini waɗansu tuluna da aka toya a tanderu, masu kyan gani, idan ka ƙwanƙwasa su suna amo kamar ƙarfe, amma matan da suka saya sun dawo suna cewa ruwan ciki kamar na jarka yake. Tukunyar girkin ma haka, wadda aka toya ta yi tauri ƙwarai ba ta jure murhu, da harshen wuta ya dafe gindinta sai ta tsage.

Sannan a duba wani abu. Matoya ba ta da bango, idan kaya ɗari ne a jera, idan ɗari uku ne a faɗaɗa. Tanderu kuwa iyakar cikinsa ke nan. Mace uku da ke gina randuna manya, tanderun da zai ɗauke aikinsu na mako uku ba ƙarami ba ne, kuɗin adashe ba zai gina shi ba. Ina tsoron kada a raba bayin Allah da abin da suka iya a haɗa su da abin da zai zame musu kaya.

Malam Yusha'u, Zariya

Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma tarihi yana bayanki. Duk wanda ya juya takardar naira ashirin zai ga hoton Ladi Kwali, maginiyar Gwari daga garin Kwali. A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da aikin tangaran a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ya gina tanderu mai amfani da itace wanda yake kai zafi wajen digiri 1,200 zuwa sama. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko da ta shiga. Ta ci gaba da gina randunanta da hannu da zanen ƙadangare da kada da kifi irin na gida, amma da wani yumɓu na daban mai jure wuta, ana shafa musu ruwan ƙyalli a toya su a wannan tanderun. Randunan sun yi suna har aka baje kolinsu a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Sai dai sun yi nauyi, kuma ba sa tsattsafo, saboda haka sun tashi daga randar ruwa sun koma kayan ado. Matan Kwali da ke gina randar da za a sha ruwa a cikinta ba su bar toyinsu na fili ba, kuma ba su yi kuskure ba.

Haka nan firjin tukwane da marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, wato ƙaramar tukunya a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a kansa a 2000, ba zai yi aiki ba sai da tukunya mai tsattsafo.

Inda na bambanta da ke, Hajiya, shi ne laifin ba na tanderu ba ne, na wanda ya hura shi ne. Tanderun da zai iya kai digiri 1,100 ba dole ne a kai shi can ba. Ana iya tsayar da shi a 800 ko 850, tulu ya fito da tsattsafonsa kamar na matoya, amma duk kayan sun nuna daidai. Wanda ya sayar miki da waɗancan tulunan ya ɗauka cewa ƙarin wuta shi ne ƙarin inganci, wannan kuwa ba haka yake ba ga kowane kaya.

Baba Ɗanjuma, Kano

Nasiru ɗana, ni na tsufa a wannan sana'a, jikana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa. Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, je ka tambayi mahaifiyarka abu biyu. Na farko, kwana nawa kayan suka yi suna bushewa, kuma an ɗumama su kafin a jera? Mu a da, ranar toyi mukan kife manyan randuna a kan ɗan garwashi ko mu ƙona ciyawa a cikinsu har sai sun yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, sannan a kai su matoya. Na biyu, tana daka tsingaro ta zuba a cikin yumɓun, ko ta rage saboda wahalar dakan? Tsingaron da aka daka ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara motsi, shi ke buɗe wa tururi hanya kuma shi ke sa tukunya ta jure murhu. Yumɓu mai laushi zalla daɗin gini gare shi, amma a wuta ba shi da amana.

Kuma ba a cinna matoya sai an karanci iska. Ba na ƙin tanderu, na ga amfaninsa, amma idan ɗanyen kaya ka zuba a cikinsa, a ciki za su fashe, har su fasa na kusa da su.

Injiniya Bala, Gombe

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya faɗa game da ɗumama kaya kafin wuta, shi ne abin da muke yi a masana'antar siminti da na'urori na biliyoyin naira. Na yi aiki shekaru da yawa a gaban tanderun siminti kafin in yi ritaya, kuma ina ganin bayaninsa zai amfani wannan muhawara.

Tanderun siminti wani ƙaton bututun ƙarfe ne a kwance, faɗinsa ya kai mita huɗu ko biyar, tsawonsa mita sittin ko fiye, an jera bulo mai jure wuta a duk cikinsa. An ɗan karkata shi, yana juyawa a hankali, garin dutsen farar ƙasa da aka haɗa da yumɓu yana shiga ta sama yana gangarowa, wuta kuma tana hurowa daga ƙasa. Kafin garin ya shiga bututun, sai ya bi ta wata doguwar hasumiya inda hayaƙin da ke fitowa daga tanderun yake ɗumama shi mataki-mataki, don kada zafin ya tafi a banza. A wajen digiri 900 dutsen yake sakin iskar kabon da ke cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a kowane kilo 100 na tsantsar dutsen, kilo 44 iska ce take tashi, kilo 56 ne yake saura. Shi ya sa masana'antar siminti take cikin manyan masu fitar da iskar da ke ɗumama duniya, ko da ba a lissafa man da ake ƙonawa ba. Can kusa da bakin wuta kayan sukan kai digiri 1,450, harshen wutar kansa yana kusan 2,000, sai su dunƙule su zama ƙananan duwatsu da ake kira kilinka. Ita ake niƙawa da ɗan jifsam, wani farin dutse mai laushi, ta zama simintin da ke cikin buhu.

Irin wannan tanderun ne a Ashaka ta jihar Gombe, wadda take samun kwal daga Maiganga, da Kalambaina a Sakkwato, da Obajana a jihar Kogi, da Malbaza a Nijar. Duk an kafa su ne a inda dutsen yake, domin ɗaukar dutse zuwa nesa ya fi ɗaukar siminti tsada.

Darasin da na koya wanda ya shafi Nasiru shi ne, tanderu ba ya son a tashe shi da gaggawa kuma ba ya son a kashe shi da gaggawa. Idan an tsayar da namu don gyara, sai an ɗauki kwana guda ko fiye ana ɗumama shi kafin a zuba kaya, in ba haka ba bulon ciki ya zube. Idan lantarki ya ɗauke yana da zafi, akwai wani ƙaramin inji na musamman da ke ci gaba da juya shi, domin idan ya tsaya wuri ɗaya ƙarfen zai lanƙwashe. Saboda haka wanda zai gina wa su Inna tanderu, ya koya musu haƙurin hura shi, wannan ya fi ginin muhimmanci.

Alhaji Bukar, Maiduguri

Injiniya ya kawo maganar siminti, ni kuma magini ne, bari in yi maganar jan bulo, domin shi ma ɗan tanderu ne. Mutane suna ɗauka baƙon abu ne a ƙasar nan, alhali kufan Birnin Ngazargamu da na Gambaru a jihar Yobe ta yau suna nan da gasasshen jan bulo na zamanin sarakunan Borno, ɗaruruwan shekaru bayan an gina su. A Injamena da Khartum har yanzu da shi ake yawan gini, a Khartum ma a bakin kogin Nilu ake buga shi a gasa shi.

Hanyar da ƙananan masu gasawa suke bi tana tsakanin matoya da tanderu. Da ɗanyen bulon kansa ake gina tarin, a bar ramukan wuta a ƙasa, a yaɓe bayansa da laka, a hura kwana da kwanaki. Na tsakiya yakan ƙone har ya narke ya manne, na gefe ya fito bai nuna ba, na tsakanin su ne na sayarwa. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Hoffmann ya magance wannan a 1858 da tanderu mai ɗakuna a zagaye, inda wuta ba ta mutuwa, sai dai ta tashi daga ɗaki zuwa ɗaki. Iskar da za ta shiga wuta tana bi ta kan bulon da ke hucewa ta ɗauki zafinsa, hayaƙin da ya fito kuma yana bi ta kan ɗanyen bulo yana busar da shi. Manyan masana'antun jan bulo da aka kafa a Jos da Kano da Kaduna da nan Maiduguri sun nuna cewa ƙasarmu tana da yumɓun aikin, ko da yake bulon siminti ya fi yawa a kasuwa.

Abin da ke damuna shi ne itace. A yankinmu kowace bishiya tana da daraja, kuma duk wani tanderu da za a gina yanzu ya kamata a tambayi abin da zai ci. Buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da garin katako duk suna ci, idan an yi wa ɗakin wutar tsarin da ya dace da su. Kazaure ba ta rasa buntu.

Hajiya Asabe, Yawuri

Ina bin wannan muhawara da sha'awa, domin mu masu bandar kifi mun sha irin wannan gardamar. An kawo mana tanderun ƙarfe mai tire-tire, an ce ya fi bandarmu tsabta, kuma gaskiya ne kifin yana fita da kyau, ba toka ba ƙuda. Amma da yawa cikin waɗanda aka raba an jingine su, saboda ba sa ɗaukar kifin da ake samu a ranar da kamu ya yi kyau, idan kuma ƙarfen ya ci babu mai gyara a kusa. Wanda aka gina da laka, wanda maginin garinmu zai iya yaɓewa idan ya tsage, shi ne ya zauna. Nasiru, duk abin da za ka gina, ya zama wanda za a iya gyara shi da abin da ke garinku.

Malam Awudu, Kumasi

Hajiya Asabe ta tuna mini da abin da ya faru a nan Gana. Akwai tanderun bandar kifi da ake kira Chorkor, sunan wata unguwar masunta ce a Ankara, wato Accra babban birnin Gana, inda aka fara shi a 1969 da haɗin gwiwar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta ƙasar da kuma matan unguwar da kansu. Akwatin laka ne kawai mai bakin wuta, ana jera tire na katako da waya a kansa har goma ko fiye, tiren su ne suke zama bututun hayaƙi. Ya bazu a gaɓar Afirka ta Yamma saboda yana rage itace kuma matan sun sa hannu a tsara shi. Daga baya aka gano cewa man kifin da ke ɗiga cikin wuta yana tayar da hayaƙi mai illa ga lafiya wanda yake kama kifin, sai aka fito da wani sabo mai suna Ahotor da ke tare man kafin ya kai wuta. Ina kawo wannan ne don a ga cewa ko tanderun da ya karɓu ana ci gaba da gyara shi, kuma wanda aka yi shawara da masu aikin kafin a gina shi ne yake karɓuwa.

Nasiru, Kazaure

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Inna duk abin da aka rubuta, kuma na yi mata tambayoyin Baba. Ta ce gaskiya ne a wannan karon ba su ɗumama randunan ba, domin suna sauri su riski ranar kasuwa, kuma manyan randunan kwana biyar kawai suka yi suna bushewa. Tsingaro kuwa suna zubawa, amma ba kamar zamanin kakarmu ba. Mun koma mun duba fasassun. Goma sha ɗaya gindinsu ne ya ɓalle ya tarwatse, duk manya ne. Sauran tsaga ce doguwa daga baki zuwa ciki, kuma yawancinsu daga gefen da iska ta bugo suke.

Ta kuma ce in tambayi Malam Yusha'u, idan kaya suna rufe a cikin ɗaki, yaya za ta san sun nuna, tunda ita da ido take ganewa?

Malam Yusha'u, Zariya

Madalla da wannan bincike, Nasiru, domin yanzu asarar ta rabu gida biyu. Goma sha ɗayan da gindinsu ya tarwatse aikin tururi ne, maganinsu yana wurin Baba, ba ya buƙatar ko kwabo: ƙarin kwanakin bushewa a inuwa, ɗumamawa, da tsingaro. Sauran ashirin da ukun aikin iska ne da rashin daidaiton zafi, su ne bango zai yi wa magani.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma na yi la'akari da maganar Hajiya Mariya da ta Hajiya Asabe. Kada ku gina tanderu mai rufin baka da dogon bututun hayaƙi, irin wanda wuta take hawa sama ta dawo ƙasa ta ratsa kaya kafin ta fita. Wannan shi ne mafi daidaita zafi, amma na masu tangaran ne, yana buƙatar bulo na musamman da ake yi da farin yumɓu irin na Ƙanƙara, kuma zafin da yake bayarwa ya wuce buƙatarku. Jan yumɓun da su Inna suke aiki da shi ma idan ya haura wajen digiri 1,100 yakan fara lanƙwashewa yana kumbura.

Ku gina zagayayyen bango kamar rijiya a sama, faɗinsa kamar mita biyu, tsayinsa zuwa ƙirjin mutum, da jan bulo ko ma tubalin laka da aka cuɗa da buntu, mai kauri sosai. A ƙasa a bar bakin wuta biyu ko uku, a sama da su a yi dandamali mai ramuka wanda kaya za su zauna a kai, yadda harshen wuta ba zai taɓa su kai tsaye ba. Sama a buɗe take, ta nan ake jera kaya, manya a ƙasa a kife, ƙanana a kai, sannan a rufe da manyan tsingaro da tsohon kwano. Idan kaya sun yi yawa ana iya tula su su ɗan haura bangon. Awa biyu ko uku na farko ƙaramar wuta ce kawai a bakin ramin, har sai an riƙa madubi ko faranti mai sanyi a saman tarin ba a ga gumi a jikinsa ba, alamar tururi ya ƙare ke nan. Daga nan a ƙara wuta sannu a hankali.

Amsar tambayar Inna kuwa, idonta zai ci gaba da aiki. A bar ɗan rami a jikin bangon da ake toshewa da bulo guda, a yi toyin yadda ƙarshensa zai faɗo da dare. Idan ta leƙa ta ga kayan sun fara ja mai duhu, ana wajen digiri 600 zuwa 700. Idan jan ya yi haske kamar garwashin da ake fifitawa, an kai wajen 800, nan ne wurin tsayawa ga tulu da tukunyar girki. Idan ya koma ruwan lemo an doshi 1,000, an wuce. Sai a toshe bakunan wuta da laka, kada a buɗe sai washegari.

Gargaɗi ɗaya nake so in yi da babbar murya. Da zarar mutane sun sami tanderu, akan sami mai ba su shawarar su shafa wa kaya ruwan ƙyalli da aka haɗa da dalmar tsohon batir, domin tana narkewa a ƙaramin zafi ta ba da sheƙi. Kada ku kusanci wannan. Dalma tana fita ta shiga abinci, musamman mai tsami, kuma ba mu manta da yara sama da 400 da gubarta ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, ko da yake can ta hanyar haƙar zinariya ta zo. Jar ƙasar da suke shafawa su goge da dutse ta isa ado.

Hajiya Mariya, Damagaram

Wannan da Malam ya bayyana yanzu ban ƙi shi ba, domin matoya ce aka yi wa katanga. Sharaɗina ɗaya: kada su daina toyin fili gaba ɗaya a karon farko. Su raba kayan biyu, rabi nan rabi can, su sa wa kowanne alama a gindi, su cika tulu ɗaya daga kowane ɓangare da ruwa su ajiye a inuwa, da la'asar a sha a ji. Tukunyar girkin ma a ɗora ta a murhu mako guda kafin a kai 'yan uwanta kasuwa. Idan na tanderun ya ci wannan jarrabawa, ni da kaina zan kai labarin Mirya.

Nasiru, Kazaure

Mun zauna da Inna da ƙannenta jiya da dare, sun amince a gina ƙaramin na gwaji da tubalin laka, a bar yawancin kuɗin adashen a ajiye har a ga sakamako, kuma za a bi shawarar Hajiya ta raba kaya biyu. An fara buga tubalin yau da safe. Abin da ya rage mana shi ne dandamalin da kaya za su zauna a kai, domin maginin da muka samu ya ce bai taɓa yin irinsa ba, yana tsoron kada ya rufta da nauyin randuna idan ya yi zafi. Malam Yusha'u, shin a ɗora shi a kan ginshiƙi ɗaya a tsakiya ne, ko a yi 'yan bangaye a jere a ƙarƙashinsa, kuma ramukan su kai faɗin yatsa nawa?